Yadda ake canza modul a rak ɗin PLC na Siemens S7-300

Masu aikin lantarki a masana'antun Idu da ke Abuja sun sha tambayata wannan. PLC ita ce kwamfutar da ke sarrafa injunan masana'anta, modul kuwa ɗaya ne daga cikin sassanta da ke jere a kan rak. Ga matakan.

1. Adana kwafin furogiram ɗin a kwamfuta.
2. Mayar da CPU, wato ƙwaƙwalwar PLC ɗin, kan STOP.
3. Kashe wutar rak ɗin da ta modul ɗin.
4. Taɓa ƙarfen da aka haɗa da ƙasa. Lokacin hunturu jiki na tara lantarki, yana kuma iya lalata modul.
5. Buɗe murfin gaba.
6. Zare konektar gaba da wayoyinta a jiki. Mai fil 20 dannawa ake yi daga sama, mai fil 40 sukuru ake kwancewa a tsakiya.
7. Kwance sukurun ƙasa.
8. Ɗaga modul ɗin ka cire.
9. Gwada lambar sabon da ta tsohon, wadda galibi ke farawa da 6ES7.

Hattara: a bayan modul akwai 'yar konekta mai siffar U da ke haɗa shi da maƙwabcinsa. Tana yawan bin tsohon modul, kuma in babu ita, duk na gaba sun yanke daga CPU.

10. Cire ɓangaren sama na 'yar robar shaida (wadda ke hana konekta shiga modul ɗin da ba irin nata ba) daga sabon modul, don tsohuwar konekta na ɗauke da nata. Kada ka tilasta.
11. Rataya sabon ka danna shi ƙasa.
12. Ɗaure sukurun, tsakanin 0.8 da 1.1 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri).
13. Mayar da konektar gaba.
14. Kunna wuta, ka koma RUN. In jar fitilar SF, mai nuna matsala, ta kama, fara duba konektar nan mai siffar U ta bayan modul.