Babi na Bakwai: Hawan Jini a Jikin Matashi

Darasi na 1

Idan aka sami mai shekara 25 ko 30 da hawan jini, likita yakan nemi musabbabinsa, domin a irin waɗannan shekaru wata cuta tana iya ɓoyewa a bayansa. Amma kafin a kai ga bincike, sai an tabbatar da awon. Ku zauna ku huta na minti 5, ku jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da zuciya. Na'ura za ta nuna lamba biyu, ta sama da ta ƙasa, kamar 140/90, wanda daga nan ne ake cewa jini ya hau. Ku rubuta duka biyun a littafi, ta sama tukuna, sai karan tsaye, wato alamar /, sai ta ƙasa, sannan kwanan wata. Kada ku ji kunya idan hannu ya yi nauyi wajen rubutu, sannu a hankali zai saba.

Darasi na 2

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirinal, wadda take fitar da sinadarai cikin jini. Ɗaya daga cikinsu, aldostaron, idan ya yi yawa yakan sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da sinadarin fotashiyam, sai jini ya hau, wani lokaci da kasala, ɗaurewar tsoka da yawan fitsarin dare. Gwajin jini ne yake gano shi, kuma ana yin maganinsa da ƙwaya ko tiyata. Likita zai fara duba littafinku, saboda haka lamba biyu nake so, ba ɗaya ba. Na sha ganin wanda ya rubuta 150 kawai ya rufe littafi, alhali wannan rabin awo ne da ba zai amfani kowa ba. Ta sama, karan tsaye, ta ƙasa, kwanan wata. Har yaushe zan yi ta maimaitawa?

Darasi na 3

Yawan kotisol, wani sinadari da adirinal take fitarwa, yakan kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ƙafafu da hannaye kuma su rame. Daɗewa ana shan magani mai sitirod ma yana jawo haka. Ciwon kai da zufa da bugun zuciya masu zuwa farat ɗaya su wuce kuwa suna iya nuna yawan adirinalin, shi ma sinadarin adirinal ne. Ku auna a lokacin, ku rubuta lambobin biyu.

Darasi na 4

Tsokar tayirod da ke wuya da ƙwayoyin tsarin iyali masu estirojin su ma suna iya ɗaga jini. Ku kai wa likita duk maganin da kuke sha tare da littafinku.