Yadda ƙwayar masara ke samuwa, da yadda za ka duba iri kafin shuka

Masara tana da fure iri biyu a kara ɗaya. Na namiji yana can ƙoli, shi ke zubar da gari mai ruwan ɗorawa. Na mace shi ne goyon, kuma kowane silin gemu da ka gani yana haɗe da gurbin ƙwaya guda. Idan garin ya sauka kan sili, sai ya tsiro da siririn bututu ya bi ta ciki har gurbin, a nan ƙwaya ke ƙulluwa. Silin da bai samu gari ba, gurbinsa giɓi ne a jikin totuwa.

Iska ce ke kai garin, don haka ka shuka kunya huɗu ko fiye a jere, kada ka ja dogon layi ɗaya a bakin gona. Zubar garin kusan mako guda ne kawai. In ƙishi ya kama masara a lokacin, gemu yakan makara, ya fito bayan gari ya ƙare. Masu noman rani a Kadawa da fadamun Haɗeja su kiyaye wannan: ban ruwan makon fure ya fi kowanne muhimmanci, balle in ya faɗo cikin zafin bazara, wanda ke kashe garin. Taki ba ya gyara wannan ɓarnar.

Da farko ƙwayar ruwa ce, sannan ta yi madara, ta daskare. Wajen wata biyu bayan fitowar gemu, ɓalle ƙwaya ɗaya ka kankare gindinta. In ka ga baƙin ɗigo, ta gama cika.

Domin ganin cikinta, jiƙa ƙwaya ta kwana, ka tsaga ta a tsaye da reza. Fatar waje ita ce dusa. Farin da ya fi yawa abincin tsiro ne, shi muke tuƙa tuwo da shi. A gefe guda kusa da gindi akwai ɗan tsiron mai maiƙo, da saiwarsa da tohonsa a naɗe. In wannan ya yi baƙi ko ƙwaro ya ci shi, irin ya mutu komai kyan fatarsa.

Kafin damina ta sauka, ƙirga ƙwaya 100 daga wurare daban-daban na buhu, ka jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 7 ka ƙirga masu tsiro. In ba su kai 80 ba, ƙara yawan iri a rami ko ka nemi wani.