Kurakuran da Ɗaliban Jami'a Suka Fi Yi Wajen Kula da Muhalli da Yadda Za a Gyara Su

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda bayan ginin yake kasancewa a makon ƙarshe na zangon karatu: tsibin ledojin ruwa, robobin da aka sayo abinci a ciki, tsofaffin takardun darasi da yagaggiyar katifa, sannan da yamma wani ya fito da ashana ya kyasta. Wanda ya cinna wutar tsafta yake nema, kuma idan aka tambaye shi zai ce taimako ya yi. Abin da ya fi damuna ke nan game da wannan batu, domin yawancin ɓarnar da ɗalibai suke yi wa muhalli da kyakkyawar niyya suke yin ta, ko kuma bisa zaton cewa abin da ya bar ɗakinsu ya bar duniya.

Ƙona shara shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Leda da roba ba sa cin wuta kamar kara ko busasshen ganye, kuma wutar bola ba ta da zafin da zai cinye su sarai, sai dai su narke suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Robar da ake lulluɓe wayar lantarki da ita ta fi muni, domin idan ta ƙone tana sakin sinadarin dayoksin, wanda masana lafiya suka danganta da cutar daji. A lokacin hunturu, sa'ad da hazo ya riga ya cika iska da ƙura, wannan hayaƙi yakan kwanta a tsakanin gine-gine har dare ya raba, kuma masu cutar asma ne suke fara shan wahalarsa. Gyaran yana farawa ne tun daga cikin ɗaki, ta hanyar raba shara kafin ta cakuɗe. Gwangwani da ƙarfe da kwali suna da kasuwa, kuma 'yan jari-bola a kan kilo suke saye. Gorar ruwa da ta lemo, idan aka ajiye su da murafunsu, mata masu zoɓo da kunun aya suna nemansu. Ɓawon doya da ƙanzon tukunya abincin dabbobi ne ga masu kiwon da ke maƙwabtaka da makaranta. Idan aka cire waɗannan, abin da zai rage a kai wa motar kwasar shara kaɗan ne.

Akwai dalilin da ya sa na dage a kan raba leda da sauran shara. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna kwasar juji a kan jakuna su kai gona a matsayin taki, tun zamanin da sharar gari toka ce da kashin dabbobi da ragowar abinci. Yau duk wanda ya ratsa irin waɗannan gonaki bayan an yi huɗa zai ga baƙar leda a sarƙe cikin kowace kunya, tana hana ruwa ratsa ƙasa. Mahauta ma sukan tsaga tumbin akuya ko saniya su ciro dunƙulen leda wanda ya hana dabbar cin abinci har ta rame. Ledar da ɗalibi ya sha ruwa ya yar a bakin zauren lacca, ko dai ta ƙare a can, ko kuma ta toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin hayayyafa.

Lissafin ruwan leda kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani. Ɗalibin da yake shan leda 4 a rana zai zubar da 420 a zangon karatu mai mako 15, ɗakin mutum 6 kuwa zai tara 2,520. 'Yan ɗaki suna iya haɗa kuɗi su riƙa sayen babbar gorar nan da ake mayarwa a sake cikawa, kowa ya mallaki gorarsa ta zuwa aji. Inda ruwan famfo ko na burtsatse yake da kyau, a tafasa shi a zuba a tulu ko randa, wadda take sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba, saboda danshin da yake tsattsafowa ta jikin yumɓu yana tafiya da zafi idan iska ta busar da shi. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Haka nan mai zuwa sayen abinci ya tafi da kwanonsa ko kularsa. Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta hana amfani da farar robar zuba abinci a Janairun 2024, saboda haka gara ɗalibi ya saba tun kafin doka ta tilasta masa.

Kuskure na gaba tushensa maganar nan ce da ake yawan ji, wai kayan gwamnati ne. Da ita ake wuce famfo yana ɗiga a banɗaki wata da watanni ba wanda ya kai rahoto, alhali famfon da yake ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana, fiye da jarkar 'yan garuwa guda. Abin da ake buƙata sau da yawa 'yar robar cikin kan famfo ce kawai, kuma sanar da mai kula da ɗakunan kwana a rubuce bai fi minti biyar ba. Wurin alwala ma ana sakin famfo yana kwarara, duk da cewa ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, wanda bai kai lita guda ba. Buta ta wadatar. Ruwan ɗaurayar wanki kuma yana iya wanke banɗaki kafin a zubar.

Lantarki ma haka yake, sai dai nan akwai haɗarin rai. An saba idan aka ɗauke wuta kowa ya tashi ya fita ba tare da ya kashe komai ba, a bar hita cikin bokiti ko dutsen guga a kan katifa, wuta ta dawo ba kowa a ɗaki, kuma gobarar ɗakunan kwana da dama daga nan take tashi. Dokar da ya kamata kowane ɗaki ya kafa ita ce, da zarar an ɗauke wuta a zare komai daga soket. Hita mai wat 1,000 tana jan wutar da ta fi ta ƙwan LED 100 masu wat 9, don haka a ɗumama iya ruwan da ake buƙata, a rufe tukunya idan ana girki, a jiƙa wake tun da dare don ya nuna da wuri. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, kuɗin lantarki ya zama babban nauyi a kan jami'o'i, kuma a ƙarshe ɗalibi ne yake ji a jikinsa, ko ta ƙarin kuɗin makaranta ko ta rage sa'o'in ba da wuta. Ko inda aka samu tashar hasken rana, kamar mai megawat 7.1 da aka ƙaddamar a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019, wutar tana da iyaka. Masu zama a wajen makaranta kuma su kiyaye kunna gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki, domin iskar da suke fitarwa ba ta da launi ko wari, kuma tana kashe mutum yana barci.

Mataccen batirin waya da na fawa bank kada a jefa su cikin bola, domin suna iya fashewa idan wuta ta same su. A kai wa masu gyaran waya. Batirin inbata da na mota dalma ce a cikinsu, gubar da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 sakamakon sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje, saboda haka a mayar da batiran ga dillali, kada a fasa.

Sai kuskuren da ya fi ba ni takaici, wato dashen bishiya na biki. Ƙungiyar ɗalibai takan buga riguna, ta gayyaci manyan baƙi, a dasa tsirrai masu yawa a ɗauki hotuna, bayan mako uku a tarar awaki sun cinye rabi, rana ta ƙone saura. Lokacin dashe a ƙasarmu shi ne bayan damina ta zauna sosai, wajen Yuni zuwa Yuli, domin saiwa ta kama ƙasa kafin rani. A zaɓi irin da ya saba da yankin, kamar darbejiya da zogale da tsamiya da gawo, a haƙa rami mai zurfi a gauraya ƙasar da taki, a kewaye tsiron da ƙaya ko tsohon kwando. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna wata hanyar tun daga shekarun 1980: sun daina sare tohon da yake fitowa daga tsofaffin kututture, suna zaɓar reshe mafi ƙarfi su sassabe sauran, kuma da haka miliyoyin bishiyoyi suka dawo gonakinsu ba tare da dashe ba. A harabar kowace jami'a akwai irin wannan toho da masu yankan ciyawa suke sharewa, kuma kare shi ya fi sayen sabon tsiro sauƙi. Idan kuwa dashen za a yi, bishiya 10 masu mai kula da su sun fi 500 da aka bari, don haka a rubuta sunan wanda zai shayar da kowace, kuma kafin a tafi dogon hutu a yi magana da mai gadi ko mai lambun da ba ya barin makaranta, a haɗa masa ɗan abin hasafi ya riƙa zuba mata bokiti guda sau biyu a mako har ruwan sama ya sauka.