Kurakuran da aka fi yi wajen bin salsalar kakan da ya yi noma a karkarar Amurka

Manomin ƙauye a Amurka ta shekarun 1800 da wuya sunansa ya shiga jarida. Inda ake samunsa shi ne littafin ƙidayar jama'a, da takardar gona, da kundin rabon gado a kotun gundumarsa. Da yawa daga masu neman tsatsonsu ba sa leƙa waɗannan, sai su kwafi jadawalin zuri'a da wani ya ɗora a shafukan intanet na binciken zuri'a irin su Ancestry ko FamilySearch, har da kurakuransa.

Mafi muni shi ne mayar da takwarori mutum ɗaya. A gunduma guda za ka tarar da William uku masu sunan gida iri ɗaya, kawu da ɗan ɗan'uwa da wani bare. Kuma "Senior" da "Junior" a tsofaffin takardu ba lallai uba da ɗa ba ne, sau da yawa babba da ƙarami kawai ake nufi. Maganin abin shi ne gona. Takardar sayar da fili kan faɗi rafin da gonar take kusa da shi, da maƙwabtan iyaka, wani lokaci har da sunan matar mai gonar. Idan William ɗinka yana bakin rafi ɗaya da maƙwabta iri ɗaya shekara ashirin, to shi ne. Ɗayan kuwa ka rabu da shi, ko da shekarunsa sun yi daidai.

Sai yarda da ƙidaya ido rufe. Malamin ƙidaya abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, wataƙila ma daga bakin yaro ko maƙwabci, don haka shekaru kan goce, harafi kan sauya. Polly laƙabin Mary ne, Peggy kuma na Margaret, kada ka aurar wa bawan Allah mata biyu. Kafin 1850 sunan magidanci kaɗai ake sawa, kuma sai a 1880 aka fara faɗin dangantakar kowa da shi, saboda haka yaron da ke gidan a 1860 yana iya zama maraya ko ɗan aikin gona. Ta 1890 kuwa kada ka wahalar da kanka, gobarar 1921 a Washington ta lalata kusan dukkanta. Cike giɓin da rajistar haraji da ƙidayar 1900, wadda ta kawo wata da shekarar haihuwa.

Wasu kuma kotun da ba ta dace ba suke nema. Iyakokin gundumomi sun sha canzawa, mutum yana zaune a gonarsa. Wanda aka haifa a jihar West Virginia ta yau kafin 1863 ɗan jihar Virginia ne a takarda, domin a shekarar ce aka raba su. Nemi gundumar da ke da wurin a wancan lokacin. Kada kuma ka sa ran takardar haihuwa, domin Georgia, alal misali, sai 1919 ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta jiha baki ɗaya. Littafin coci da dutsen kabari su ne madadi.

Idan kakan baƙar fata ne daga Kudu, kuskuren shi ne a tsaya a 1870, ƙidayar farko da ta ambaci mafi yawan 'yantattun bayi da sunayensu, a ce hanya ta ƙare. A 1850 da 1860 an jera bayi ƙarƙashin sunan ubangida, shekaru da jinsi da launi kawai. Amma wasiyyar ubangidan da lissafin dukiyar da ya bari kan ambace su da suna, abin takaici tare da farashi. Akwai kuma takardun Freedmen's Bureau, hukumar da ta kula da 'yantattu daga 1865 zuwa 1872, masu ɗauke da aure da kwangilar aikin gona. Ba kowane 'yantacce ne ya ɗauki sunan ubangidansa na ƙarshe ba, don haka duba fararen manoman da ke maƙwabtaka da shi a shafin ƙidayar 1870 tukuna, sannan ka bi gadonsu ɗaya bayan ɗaya.