Yadda Ake Alewar Lemun Tsami Mai Tauri

Tun da na raba wa yara wannan alewa da Sallah, matan unguwarmu a nan Bauchi ke ta tambayata yadda nake yin ta. To ga shi. Lemun da nake saye a kasuwar Muda Lawal ne, mai santsin baya, don ya fi ruwa.

1. Ki kankare koren bayan lemu 2, kada ki taɓa farin, ɗaci gare shi.
2. Ki matse ruwan, ki tace 'ya'yan.
3. Ki shafa wa tire man gyaɗa kaɗan, ki ajiye a kusa.
4. Ki zuba sukari gwangwanin madara 2 da ruwa rabin gwangwani a tukunya mai kauri.
5. Ki juya a kan wuta kaɗan har sukarin ya narke.
6. Ki zuba ruwan lemu cokali 2.
7. Da ya tafasa, ki cire cokali.

Nan ake yawan kuskure, 'yar uwa. In kika ci gaba da juyawa sai ya koma gari. Kuma ki kori yara daga kicin, ƙunar narkakken sukari ta fi ta ruwan zafi muni, don manne wa fata yake.

8. Ki ɗiga kaɗan a ruwan sanyi. In ya karye ƙas, ya yi. In yana lanƙwasa, da saura.
9. Ki sauke, ki zuba ɓawon da kika kankare.
10. Ki juye a tire.
11. Ki tsaga da wuƙa mai mai tun yana da ɗumi.
12. In ya huce, ki kakkarya ki rufe a kwalba.

Da damina takan yi danƙo, shi ya sa na fi yin ta da hunturu.