Dutsen farar ƙasa ba yashin Neja Delta ba ne: kurakuran da aka fi yi wajen nazarin rumbun mai

Duk shekara in lokacin aikin kammala digiri ya zo, sai ka ga ɗaliban ilimin duwatsu da na injiniyan man fetur a nan Kano sun sauko da awon da na'ura ta ɗauka a cikin wata rijiyar mai daga intanet, sun cusa a kwamfuta, sun fito da lissafi tsaf-tsaf wanda ko kusa bai san dutsen ba. Ban ɗora musu laifin duka ba. Ƙarƙashin Kano garanayit ne, sai mutum ya je Ashaka ko Kalambaina kafin ya riƙe dutsen farar ƙasa a hannunsa, kuma misalan aji kusan duk daga Agbada suke, wato dutsen yashin Neja Delta. Sai dai manyan rumbunan mai na ƙasashen Larabawa, har da Arab-D na filin Ghawar a Saudiyya da aka gano a 1948, farar ƙasa ce (ma'adininta kalsait) da ɗan'uwanta dolomait.

A dutsen yashi, mai yana zama ne a giɓin da ke tsakanin ƙwayoyi tun ranar da ruwa ya jibge su. A farar ƙasa kuwa, abin da ya biyo baya ne ke da iko: ruwa ya narkar da wani sashe, kalsait ya toshe wani, dolomait ya maye gurbin wani, daga baya dutsen ya tsattsage. Daga manta wannan duk sauran kurakuran suke tasowa.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne barin m a kan 2, wato lambar da ke nuna yadda ramukan dutse suke haɗe da juna. Lissafin Archie na 1942, wanda ke fitar da kason ruwan da ke cikin ramuka daga juriyar dutse ga lantarki, a kan dutsen yashi mai tsabta aka gina shi, inda ramuka ke haɗe da juna, lantarki na bi salin-alin. Manhaja na zuwa da m a 2, da ɗaya lambar lissafin, n, ita ma a 2, yaro ya danna ya wuce. To ɗauki biro. Ramuka kashi 20 cikin ɗari, juriyar ruwan cikin dutsen 0.05 om-mita (ma'aunin juriya ga lantarki), juriyar dutsen 10. Da m a 2, kason ruwa 35 cikin ɗari zai fito, ka fara murna. Amma idan ƙwayoyin dutsen ne suka narke suka bar gurabensu kamar saƙar zuma, kowane ɗaki a rufe, lantarki ba ya samun hanya, m na iya kai 3 har ya wuce. Sa 3 a lissafin nan, ruwa ya koma 79. Wurin da ka sa hannu a huda, ruwan gishiri zai yi ta amayarwa, kuɗin kammala rijiya sun tafi. Inda tsaga ta yi yawa kuma, m sauka yake ƙasa da 2, sai ka kira mai da sunan ruwa ka tsallake shi.

Maganinsa a auna. A jiƙa guntayen dutse da ruwan gishiri irin na rumbun, a auna juriyarsu ƙarƙashin matsi irin na can ƙasa, kowane nau'in dutse da nasa m. In babu dutsen a hannu, ni dai nakan kwatanta ramukan da awon sauti na cikin rijiya ya bayar da na awon nutron da na nauyin dutse: sauti yakan tsallake kogunan da ba su haɗe ba, tazarar da ta fito ita ce gargaɗinka. Daga nan a yi lissafi sau uku, da 1.8 da 2 da 2.5, a rubuta dukansu a rahoto. Lamba ɗaya tilo ba tare da awo ba, ƙarya ce da aka sa wa riga.

Na biyun ɗan'uwansa ne. A zuba yawan ramuka da ƙarfin ratsawa (sauƙin da mai ko ruwa ke bi ta cikin dutse) a kan jadawali, ɗigo-ɗigon su warwatse kamar geron da aka watsa wa kaji, sai a ja layi ɗaya ta tsakiya a ce shi ne dokar rumbun. Haba! A ramuka kashi 15, wani guntun bai kai milidasi 1 (ma'aunin ratsawa) ba, wani ya haura ɗari. Wanda ya taɓa tura kura a kasuwar Kurmi ya san yawan rumfuna daban, faɗin lungu daban. Maƙogwaron rami ne ke yanke hukuncin abin da zai wuce.

Sai an duba dutsen da ido. A yanka shi siriri, maikiron 30 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), a ɗura masa shuɗin danƙo, ramuka su fito shar kamar an tsoma su a marinar Ƙofar Mata. A shafa rinin alizarin: kalsait zai yi ja, dolomait ya tsaya yadda yake. A raba shi da tsarin Dunham na 1962, mai karkasa farar ƙasa bisa zubin ƙwayoyinta, sannan da azuzuwan Lucia na girman ƙwaya: ƙwayoyin da suka haura maikiron 100, na tsakanin 20 da 100, da na ƙasa da 20. Kowane aji da layinsa. Mai hali ya ƙara da awon tura zaiba don ganin girman maƙogwaro.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa ɗalibi game da guntayen gwajin nan na inci ɗaya da rabi, da ake yankowa daga sandar dutsen da aka ciro daga rijiya. Mai yankawa yana kauce wa tsaga da manyan koguna da gangan, don guntun zai fashe masa a hannu. Ke nan abin da ya isa ɗakin gwaji shi ne sashen da ya fi lafiya, hanyar da mai ke bi a zahiri an bar ta a cikin akwati. Don haka a nemi awon cikakkiyar sandar dutsen, a kuma kwatanta jimillar ratsawa sau kauri ta guntaye da wadda gwajin matsin rijiya ya bayar. Idan ta gwaji ta ninka sau goma, kada ka ce na'ura ce ta lalace. Akwai tsaga ko wani siririn sashe mai zuƙa. Buɗe rahoton haƙa na kullum, wanda ba mai son karantawa: a wane zurfi lakar haƙa ta ɓace, a ina bakin haƙa ya zurma ba turjiya? A Ghawar irin wannan sashen, da suke kira Super-K, yana ba da fiye da ganga 500 a rana a kowace ƙafa. In aka fara tura ruwa don koro mai, ta nan zai zarce rijiyar fitarwa ya bar man a baya.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Nauyin ƙwayar dutse, in an ɗauki na ruwa a 1: yashi 2.65, kalsait 2.71, dolomait 2.87. Awo ya nuna 2.50, ka bar 2.65, ka samu ramuka kashi 9, alhali in dolomait ne kusan 20 ne. Awon PEF, mai nuna irin ma'adinin dutse, na raba su, kalsait wajen 5, dolomait wajen 3, sai dai lakar haƙa mai barait, ma'adinin ƙara mata nauyi, tana ɓata shi. Tashin awon gama (hasken da dutse ke fitarwa, da ake gane yumɓu da shi) a farar ƙasa sau da yawa yuraniyom ne, kada ka yanke sashen ka ce yumɓu ne sai ka duba toriyom da fotashiyom. Haka kuma ƙarancin gama ba shaidar dutse mai kyau ba ne, taɓon farar ƙasa ma shiru yake yi.

Wanke guntu da sinadarin tolwin sannan a auna yadda mai da ruwa ke gudu a cikinsa shi ma shirme ne. Yawancin irin wannan dutsen ya fi manne wa mai, wanki kuma yana sauya masa hali. A mayar da shi cikin ɗanyen man rumbun, a zafin rumbun, wajen kwana 40.

Batun asid kuwa, wanda ake zuba wa dutsen yashi yana da haidurofulorik a ciki. Ya haɗu da kalsiyom sai ya zama gari ya toshe ramukan da ka zo buɗewa. Na farar ƙasa haidurokulorik ne, galibi kashi 15 cikin ɗari. Shi ma in an tura shi a hankali fuskar rijiyar kawai zai cinye, sai an ɗaga saurin turawa yake huda dogayen hanyoyi zuwa ciki. A rijiya mai tsaga kuma a haɗa da abin karkatarwa, in ba haka ba duk asid ɗin tsagar ce za ta shanye shi.