Yadda za ka shirya fim kan 'yan gudun hijira a Gombe ba tare da ka fama musu ciwo ba

Masu ɗaukar gajeren fim da waya ko ƙaramar kamara, in kuna son taɓa labarin mutanen da rikicin Boko Haram ya koro, don Allah ku fara da zama da su kafin ku rubuta ko layi ɗaya. Anan Gombe ba sai ka je wani sansani ba, yawancin waɗanda suka baro Gwoza da Bama da Damboa tun 2014 cikin unguwanni suke zaune tare da mu, wasu gidan haya wasu wajen dangi. Ka bi ta hannun mai unguwa, ka je ba kamara, ka gaisa, ka faɗi abin da ke tafe da kai. Kuma kar ka ce "Baba ba ni labarin ranar da aka shigo garinku", a'a wallahi, ka tambaye shi gonarsa, me yake nomawa, wace rana kasuwarsu ke ci, in ya ga dama shi da kansa zai kai ka can, in kuma ya yi shiru to ka bar shi. Wanda ya ba ka labarinsa ka canza suna da gari, ka kuma nemi yardarsa.

Wajen rubutu ne mutanenmu suka fi kuskure, sai a cika fim da jini da harbi da kuka. Yaƙin ba sai an nuna shi ba, abin da ya bari a jikin mutum shi za ka nuna. Dattijo yana zaune yana ɗinkin hula, tayar Keke Napep ta fashe a titi, kowa ya waiga ya ci gaba da hira amma shi allurar ta faɗi daga hannunsa ya kasa ɗauka. Ko mace mai kwana da takalmi a ƙafa, da makullin gidan da aka riga aka ƙona ɗaure a bakin zani. Wannan ya fi minti goma na kuka taɓa zuciya.

Sai abota tsakanin mutum biyu a cikin fim ɗin. A ce dattijon nan Babarbare ne daga Bama, ɗayan kuma saurayi Batangale daga Billiri, Kirista, mai cajin waya a gefen rumfarsa. Kar su shaƙu a fitowar farko, ba haka ake ba, a fara da saɓani kan inuwa ko kuɗin caji, kullum tsohon yana kawo waya yana jiran kiran ɗansa da ya ɓata, yaron yana ƙorafi har ranar da ya gane dalili ya daina karɓar kuɗin, bai kuma ce komai ba. Shi ma yaron a ba shi tasa damuwar, kar ya zama mai taimako kawai. A bar tsohon ya riƙa sako Barbarci in ransa ya ɓaci, ka samo ɗan yaren ya gyara muku.

Lokeshan kuwa, wato wurin ɗaukar fim, ku guji kakin soja da bindigar roba a titi, garin da ya ga bam a Tashar Dukku a Disambar 2014 ba wajen wannan wasan ba ne, ku sanar da 'yan sanda tun kafin ranar ɗaukar fim ɗin. Ku ɗauka da sassafe kafin ƙarar janareto da babura ta cinye muku sauti.

In kun gama editin, wato tace fim ɗin, waɗanda suka ba ku labarin su za su fara gani, a gida, kuma ku faɗa musu abin da ke ciki tukuna. Duk wurin da suka ce a cire, a cire shi.